Yadda ake haɗa dokumentari na minti 15 a Daura ko Katsina: daga zaure zuwa ɗakin tacewa

Dattawan da suka riski zamanin majigi sun san fim na gaskiya tun kafin a raɗa masa suna dokumentari. Motar gwamnati ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan Magariba, a nuna noman auduga ko rigakafin cuta, wani na fassarawa da lasifika. Mutanen gari 'yan kallo ne kawai a wancan lokaci. Yau kyamarar tana aljihun kowa, amma yawancin bidiyon tarihi da al'adu da matasanmu ke sakawa a YouTube da Facebook suna faɗuwa ne a wuri biyu: babu labarin da ke jan mai kallo, kuma ba a jin abin da dattijon ke faɗa saboda iska da ƙarar babur. Hoto mai ɗan dishi-dishi mutane na haƙuri da shi. Murya marar fita kuwa, kafin daƙiƙa ashirin an wuce gaba. Saboda haka wannan jagora ya ba kunne babban muhimmanci.

Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: fim na minti 15 a kan baduku mai ɗinkin kayan doki a Daura, ana saura mako uku Sallar Gani, bikin watan Mauludi da ake hawan dawaki.

Ka fara da mutum, ba da take ba

"Tarihin Daura" take ne na laccar makaranta. "Al'adun Katsinawa" ma haka. Kyamara ba ta iya ɗaukar take, mutum take ɗauka yana wani aiki a wani wuri. Kafin ka taɓa kaya, rubuta jimla ɗaya da ta amsa tambaya uku: wane ne, me yake so ya cimma, me ke tare masa hanya. A misalinmu: baduku ya karɓi aikin ragama da jalala na mahaya da yawa, Gani ya matso, fata ta yi tsada, yaran da ya koya wa sana'ar sun koma acaba. Ka ga akwai wa'adi a ciki. Wa'adi shi ke riƙe mai kallo, domin yana so ya ga ko za a gama kafin ranar hawa. Tarihin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu zai shigo da kansa ta bakin mutumin, a daidai gwargwadon da ya shafi aikinsa.

In jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka da fim tukuna. Koma ka ƙara zama da mutane. Ziyara biyu ko uku ba tare da kyamara ba ta fi kowace na'ura amfani: a nan za ka san lokacin da haske ke shiga rumfarsa, lokacin da injin niƙa na maƙwabta ke tashi, da kuma ko mutumin mai magana ne ko sai an yi ta tatsa. Akwai gwanayen sana'a da ba sa iya bayani. Irin wannan, ka bar hannunsa ya yi magana, ka nemi ɗansa ko abokin cinikinsa ya ɗauki nauyin baki.

Iso

Da ɗan gari akan ci gari. Ko kai haifaffen Ƙofar Ƙaura ne, in ka tsallaka wata unguwa da kyamara, baƙo kake. Hanyar ita ce ta gargajiya: mai unguwa, dagaci, hakimi, gwargwadon girman abin da za ka ɗauka. In sana'a ce mai sarauta, kamar ƙira ko jima ko fawa, ka gaida sarkin sana'ar kafin ka zauna da na ƙasa da shi, in ba haka ba za ka ga kowa na noƙewa ba ka san dalili ba. Duk abin da ya shafi fada, ko Gidan Korau a Katsina ko fadar Daura, da wuraren tarihi irin su Hasumiyar Gobarau, Kusugu da Durɓi ta Kusheyi, ka rubuta takarda tun da wuri: sunanka, abin da fim ɗin ya ƙunsa, ranaku, yawan mutanenka, da inda za a nuna shi. Gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, nasa izinin daban. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha wuri ne na fara tambaya, kuma za ka iya samun tsofaffin hotuna da takardu.

Izinin shugabanni ba ya maye gurbin yardar wanda za ka ɗauka. Wanda ke karanta boko ka ba shi takarda da Hausa ya sa hannu. Wanda ba ya karantawa, kunna kyamara ka yi masa bayani a fili: "Baba, wannan hoton za a sa shi a intanet, mutanen Kano da Legas da ƙasashen waje za su iya gani, kuma in ya fita ba ya dawowa. Kun amince?" Ya faɗi sunansa da amincewarsa, ka adana wannan guntun daban. Kada ka ce "na makaranta ne kawai" alhali kana da niyyar YouTube. In aikin zai shiga cikin gida wurin mata, mace ce za ta riƙe kyamara da makirfo, kuma bayan izinin maigida a tambayi matar ita kanta, ba a gabansa ba. Yara da almajirai sai da yardar iyaye ko malaminsu.

Maganar kuɗi a gama ta tun farko. Biyan mutum diyyar wunin da ka hana shi aiki daidai ne. Biyansa don ya faɗi wata magana yana ɓata fim, domin zai faɗi abin da yake zaton kana so.

Sai abu biyu masu haɗari. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kusa da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa ko bariki ko fada ba wurin gwaji ba ne. Na biyu, in labarinka ya taɓa waɗanda rikicin 'yan bindiga ya raba da garuruwansu, ɓoye fuska kaɗai bai isa ba. Murya, zanen fuska, zobe, bishiyar da ke bayan mutum, sunan ƙauye da ya suɓuce a baki, duk suna tona shi. Kashe alamar wuri ta GPS a waya kafin ɗauka, domin tana shiga cikin fayil.

Kayan da suka isa

In kuɗinka kaɗan ne, ga tsarin saye: makirfo na maƙalawa a wuyan riga, belun kunne mai rufe kunne, ƙafar kyamara mai ƙafa uku, batura, sannan kyamara a ƙarshe. Waya mai kyau ta isa fim na farko. Manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, tana ba ka damar saita komai da hannu a wayoyin da take aiki a kansu. Ƙara da rigar makirfo mai gashi don iska (soson da ke zuwa da shi ba ya tare iskar hunturu), farin kwali babba na dawo da haske, robar hura ƙura, tef na takarda, fawa-bank mai ƙarfin 20,000mAh, da lema.

Lissafin ajiya: fim na minti 15 yakan ci ɗauka ta awa biyar ko fiye. Kyamarar da ke rubuta megabit 50 a daƙiƙa tana cin gigabait 22 da rabi a awa. In 4K ce, wato hoto mai girma da kaifi fiye da na 1080 da aka saba, a megabit 100, gigabait 45 ne a awa, wato awa biyar ta haura gigabait 220. Katin memori ya kasance mai alamar V30 ko sama, kuma a saya wurin amintacce, domin katin jabu yana nuna 128 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ba tare da ka sani ba. Gwada kowane sabon kati a gida: cika shi maƙil, ka buɗe fayilolin farko ka gani. Kati biyu na 64 sun fi ɗaya na 128, don in ɗaya ya mutu rabi ya tsira. In kwamfutarka ba mai ƙarfi ba ce, 1080 ya wadatar; 4K da na'ura ba ta iya ja wahala ce kawai.

Saita kyamara sau ɗaya, ka kulle

Firam 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 a jere cikin kowace daƙiƙa; shota, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Dalili: wutar lantarkin Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wayoyi suna zuwa ne a saite kan firam 30. In ka ɗauka da 30 a ƙarƙashin ƙwan lantarki, za ka ga baƙaƙen layuka na gangarowa a hoto. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai kan 50, don haka ko ka saita, duba allon sosai. In yana ƙyafta, kashe ƙwan ka yi aiki da hasken taga.

Shota ɗaya bisa 50 a ranar Katsina haske ne mai yawa ƙwarai. Maganinsa baƙin gilashin rage haske da ake kira ND. Da tsakar rana, a ISO 100 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara), in kana son buɗe idon kyamara sosai zuwa f/4 don baya ya ɗan dushe, kana buƙatar ND32 ko ND64. In babu, kyamara za ta ɗaga shota da kanta, motsin doki ya riƙa fitowa a tsattsage.

Launin haske ka sa da hannu: kusan 5600K a rana, 3200K a ƙwai mai ruwan ɗorawa. In ka bar shi yana sauya kansa, babbar riga fara za ta zama shuɗiya a jimla ɗaya, ta koma ruwan ƙwai a ta gaba, kuma gyaran wannan a tacewa ciwon kai ne.

Babbar matsalarmu a nan ita ce baƙar fuska cikin farar riga da farin rawani. Kyamara tana ganin farin ta rage haske, fuska ta nutse. Ka buɗe don fuska, rigar ta ƙone ba a ganin aikin ɗinki. Ba saiti ke warware wannan ba, wurin zama ne: shigar da mutumin inuwa, bakin zaure ko ƙarƙashin darbejiya mai inuwa cikakkiya wadda ba ta yayyafa rana a fuska, ka sa hasken ƙofa ya zo masa daga gefe, ka riƙe farin kwali ta ɗaya gefen nesa da shi kamar taku ɗaya. Bayansa ya fi shi duhu ko su yi daidai. Kada ka taɓa zaunar da shi ƙofa na bayansa. Danna fuskarsa a allon ka kulle haske da fokas.

Hotunan waje kuma lokacinsu sananne ne: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai bayan La'asar zuwa Magariba. A nan ne ginin ƙasa irin na Gobarau ke fito da jansa. A hunturu hazo yana tausasa rana, fuska ta yi kyau, amma hoton nesa ya yi fari fat, kuma ƙura na shiga ko'ina: kada ka canza gilashin kyamara a fili, kuma ka hura ƙura kafin ka goge, don gogewa da yashi a kai karce ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, waya takan kashe kyamara da kanta. Cire mata riga, riƙe mata lema, kada ka yi caji kana ɗauka, ka yanka hira zuwa minti goma-goma.

Sauti

Ƙa'idar ɗaya ce: kusanci. Duk sanda ka rage nisan makirfo da baki zuwa rabi, muryar tana ƙaruwa da kusan desibel 6 alhali hayaniyar titi na nan yadda take. Shi ya sa makirfo mai araha a ƙirji ya fi mai tsada da ke kan kyamara taku huɗu nesa. Maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, santimita 15 zuwa 20.

Sai ka kula da tufafi. Shadda mai sitaci ko wadda ta sha bugu tana ƙara kamar takarda duk sanda mutum ya motsa, kuma masu babbar riga kullum suna gyara hannunta zuwa kafaɗa. Maƙala makirfon a wuyan 'yar ciki, inda babbar rigar ba ta gogarsa, ka naɗe wayar ƙaramin zobe ka liƙe da tef daga ciki don jan waya kada ya kai ga makirfon. Ga mace mai hijabi, mace 'yar'uwarta ta maƙala shi a waje, ƙasan haɓa, ba ƙarƙashin ƙyalle ba. Carbi, makullan babur da goro a baki duk suna fitowa raɗau. Roƙa da ladabi: "Ranka ya daɗe, a ɗan ajiye mana carbin, na'urar tana kamo shi."

Saita na'ura kan 48kHz, 24-bit in tana da shi. Sa mutumin ya yi magana yadda ya saba, ka daidaita har ma'aunin ƙarfin sauti, wanda sifili ne ƙololuwarsa, ya riƙa kaiwa wajen -12, in ya yi dariya ko ya ɗaga murya kada ya wuce -6. Sautin da ya bugi sifili ya fashe, babu manhajar da ke mayar da shi yadda yake. Kashe saitin da ke daidaita ƙarfi da kansa, domin duk sanda mutum ya yi shiru sai ya jawo hayaniyar unguwa sama.

Belun kunne ba ya barin kunnenka tun daga farko har ƙarshe. Kunnen mutum yana tace hayaniya, makirfo ba ya tacewa. Kafin a fara, kowa ya yi shiru ka saurara: fanka, firji, janaretan maƙwabci, injin markaɗe, keke-napep, awaki. Fanka da firji a kashe (ajiye makullin motarka a kan firjin don kada ka tafi ka bar wa mutane kaya su lalace). Janaretan maƙwabci a je a roƙa, ko a sauya lokaci. Duk wayoyin da ke ɗakin a sa su yanayin jirgi. In babur ya wuce a tsakiyar magana mai muhimmanci, bari mutum ya ƙarasa, sannan ka ce a maimaita. Tsara hira tsakanin lokutan salla: a tsaya in an kira, don ladabi, kuma don ba za ka iya yanka magana ba kiran salla na tsinkewa a bayanta.

In da na'ura daban kake ɗaukar sauti, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka. Wannan tafin ne za ka daidaita hoto da murya da shi. In an gama, ɗauki shirun wurin na minti ɗaya, kowa a zaune inda yake. Da shi za ka cike gurbin da ka yanke, in ba haka ba sautin zai riƙa faɗawa rami. Sannan ka bi sautukan aikin ɗaya bayan ɗaya, kusa-kusa: wuƙa na yanka fata, basilla na huda, guduma, kukan doki, ƙarar likkafa. Waɗannan su ne kiɗan fim ɗin.

Hira

Kyamara daidai tsayin idon mai magana. In a tabarma yake, sauke ƙafar kyamara, kai ma ka zauna ƙasa. Ɗaukar dattijo daga sama raini ne a ido ko ba a faɗa ba. Zauna dab da gilashin kyamara ya riƙa kallonka, ka bar fili a gefen da yake kallo.

Al'adarmu ta amsawa ita ce abokiyar gabar mai tacewa. "Na'am", "ƙwarai", "haka ne", "ikon Allah" duk za su hau kan muryarsa, ba sa ciruwa. Faɗa masa tun farko cewa da kai za ka riƙa amsawa, kada ya ɗauka rashin tarbiyya ne. Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce ba ta da amfani. Maimakon "Kun daɗe kuna wannan sana'a?" ka ce "Baba, ku ba ni labarin ranar da aka fara ba ku basilla." Tambayi rana, wuri, farashi, suna: nawa ake sayen fatar akuya da, nawa yanzu, wa ya koya masa, wane aiki ne ya taɓa lalacewa a hannunsa. In ya gama amsa, ƙirga uku a zuci kafin ka yi magana. Sau da yawa abin da ya fi daraja yana fitowa a wannan shirun. Tambayoyi goma zuwa goma sha biyu, minti 40, sun isa. Masu nauyi a ajiye su sai ya sake.

In maganar ta shiga tarihi, ka tuna ruwayoyi sun bambanta, kuma masana suna da saɓani a kan labarin Bayajidda kansa. Bar kowa ya faɗi nasa da bakinsa, sunansa da matsayinsa a rubuce a ƙasa. Kada muryar mai sharhi ta mayar da ruwayar gida ɗaya hukunci.

Hotunan aiki da ranar hawa

Kowane aiki ka ɗauke shi ta fuska biyar: hannuwa kusa, fuska kusa, faɗin wurin gaba ɗaya, ta bayan kafaɗarsa, sai wani gefe na daban, misali daga ƙasa ko ta tsakanin fatun da aka rataye. Kowanne ka riƙe daƙiƙa goma cur ba motsi, kana ƙirgawa. Sabon shiga yakan yi ta yawo da kyamara yana zum, ya dawo gida da awa uku babu daƙiƙa biyar tsayayyu. Tsaya a gefe ɗaya na aikin: in ka tsallaka ɗaya gefen, mutumin da ke kallon dama zai koma kallon hagu, mai kallo ya rikice. Kada ka sa shi yin abin da ba ya yi. Cewa "a sake huda wannan" ba laifi; sa masa rawanin da ba ya naɗawa ƙarya ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin hawa, bi hanyar da dawaki za su bi a daidai lokacin, ka ga inda rana za ta kasance, ka zaɓi wuri biyu, ɗaya mai tudu. Fim ɗinka ba na hawan duka ba ne: mahayin da ke sanye da aikin badukunka kake nema, da fuskar badukun yana kallonsa. In ku biyu ne, ɗaya ya bi doki, ɗaya ya tsaya kan fuskar. Ƙarar bindigogin gargajiya da tambura da kakaki za su fasa sautin da aka saita don hira, don haka rage shi sosai. Kada ka tsaya bayan doki, kada ka shiga gaban masu sukuwa, kuma in dogari ya ce matsa, matsa. Sa kyamara cikin leda mai huda don ƙura.

Daren kowace ɗauka

Kwafe katin gaba ɗaya, da manyan fayiloli da ƙanana, zuwa rumbun ajiya biyu daban, babban fayil mai suna da kwanan wata kamar 2025-09-03_rumfa_kati1. Buɗe guntaye uku ko huɗu a kowane rumbu ka tabbatar suna tafiya da sauti kafin ka goge kati. Rumbu ɗaya ya kwana a wani gida. Sautin hira ba shi da nauyi, awa ɗaya kusan gigabait ɗaya ce ko ƙasa, ɗora shi Google Drive a daren. Kada ka tura ɗanyen bidiyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo, yana matse shi ya rage inganci. In kana kwafewa da kwamfutar tebur, ɗaukewar wuta na iya kashe rumbu. Yi da laftof mai caji.

Tacewa

Fara da takarda. Rubuta duk hirar kalma da kalma, da lokacin kowace magana a gefe. Awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida, kuma nan ne mafi yawa ke gudu, amma wanda ya yi shi ya rage wa kansa mako guda. Ja layi ƙarƙashin maganganun da ke motsa labari, ka jera su: matsala, ƙoƙari, cikas, ranar hawa. Haɗa muryoyin kaɗai a manhajar tacewa ta DaVinci Resolve, wadda ke da ta kyauta, ka rufe ido ka saurara. In labarin ya tafi a kunne, sai a ɗora hotuna. In bai tafi ba, hoton Gobarau da faɗuwar rana ba zai cece shi ba.

Bidiyon waya yakan zo da firam marar tsayayyen adadi, sai ka ga baki da murya sun rabu bayan minti goma. Wuce da shi ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake ka mayar da shi tsayayyen 25 kafin ka fara. In kwamfuta na sarƙewa, sa manhajar ta yi ƙananan kwafi na aiki, a ƙarshe ta koma kan na asali.

Buɗe fim da aiki da sautinsa, ba da gaisuwa da jerin godiya ba. Daƙiƙa 20 na farko su nuna mutumin da wa'adinsa. Haɗin farko zai kai minti 30 ko 40. Rage shi rabi, ka fara da wuraren da mutum biyu suka faɗi abu ɗaya. Wurin da ka yanke magana, rufe shi da hoton hannu ko na rumfa, amma kada ka haɗa rabin jimla da rabin wata har ma'ana ta sauya. Sharhi ya zama kaɗan, don abin da hoto ba ya iya faɗa, kamar shekara ko nisa. Minti ɗaya na sharhi kalma 120 zuwa 140 ne, a karanta shi a ɗaki mai labule da katifa.

Kiɗa: waƙar da aka riga aka fitar tana da mai ita, ko mawaƙin ya rasu akwai magada, kuma YouTube na gano ta ya karkatar da kuɗin tallan ko ya toshe bidiyon. Ya fi sauƙi ka ɗauki mai gurmi ko mai sarewa ya yi maka na minti biyar, ku rubuta yarjejeniya, ka biya shi, ka sa sunansa. Ƙarƙashin magana kiɗa ya sauka sosai. Gaba ɗayan sautin ya tsaya wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS don YouTube. Gwada shi a lasifikar ƙaramar waya a waje, don a nan masu kallonka za su ji shi.

Rubutun ƙasa da fitarwa

Rubutun ƙasa layi biyu ne iyaka, kowanne kada ya wuce harafi 42, ya zauna aƙalla daƙiƙa ɗaya da rabi. Yi na Hausa da na Turanci a fayil ɗin rubutun ƙasa da ake kira SRT, daban-daban, a adana da tsarin UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma akwatuna. Yawancin salon haruffa na ado ba su da masu lanƙwasa. Noto Sans da Andika suna da su. Bakatsine in ya ce "tahi" ko "hwara", rubuta yadda ya faɗa, kada ka mayar masa da bakinsa Kananci. Sunaye da sarautu a tabbatar da su daga bakin masu su.

Fitar da babban kwafi mai inganci don ajiya, sannan na intanet: MP4, H.264, 1080, megabit 8 zuwa 12. Yanko guntaye biyu ko uku na ƙasa da minti ɗaya a tsaye, 9:16, da rubutu manne a jiki don TikTok da Facebook, inda da yawa ke kallo ba sauti. In kana da niyyar kai shi bikin fina-finai, kamar iREP na Legas ko IDFA na Amsterdam, karanta sharuɗɗansu kafin ka saka a YouTube, domin wasu bukukuwan ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a fili. In kuma za a sayar ko a nuna a sinima, sai an bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa.

Kafin kowa ya gani, koma rumfar da laftof ka nuna wa badukun da iyalinsa. Ba ikon sauya labari za ka ba shi ba, amma zai kama kuskuren suna, ko sirrin sana'a da bai so ya fita ba, ko fuskar wata a bayan hoto da ba a nemi izininta ba. Gyara waɗannan, ka bar masa kwafi a memorin wayarsa, mai nauyin da bai wuce megabait 200 ba don ya iya tura wa 'yan'uwa ta Xender. Ɗanyen hirar gaba ɗaya kuma kada ka goge: rubuta sunan mai magana, wuri da kwanan wata a takarda cikin fayil ɗin, ka riƙa kunna rumbunan biyu sau ɗaya a shekara kana duba ko suna buɗewa, kuma duk shekara huɗu ko biyar ka kwafe su zuwa sabo.